Tsakanin Ƙyas da Dam

Shekara biyu da wata huɗu na jira ta.
Ko rogo ba ya cin haƙurin manomi haka.

Tsoho Orval Brubaker, can bayan Kutztown,
maƙerarsa a rumfar da shanu suka taɓa kwana,
ya auna ni kamar tela,
daga kafaɗa zuwa yatsa, daga kunci zuwa ido.
Ya ce, "Wuyanka dogo ne,
dole in sunkuyar mata da gindi."
Ya jawo wani itace da ya bushe tun ina goye,
ya tofa masa yawu, ya murza da babban yatsa,
sai ga zane ya taso layi-layi
kamar rairayin kogi bayan ruwa ya janye.

Ya ce wace dabba zan zana maka a jikin tagullar?
Na ce zabuwa.
Abin da ya fito ya fi kama da talotalo mai mura.
Ban ce komai ba. Hannunsa ya fara rawa,
kuma ya riga ya faɗa mini ita ce auta.

Kakana Jatau yana da irinta, ko kuwa 'yar ƙanwarta:
bututun ƙarfe ɗaure da fatar akuya,
harbi-ka-ruga,
wadda ta ci masa yatsa biyu a dajin Falgore
ya dawo yana dariya, wai ta karɓi la'adarta.
Ni ban gaji bindigar ba.
Warin kawai na gada, na ruɓaɓɓen ƙwai da toka,
shi ya tare ni a ƙofar Orval
har na manta da gaisuwa.

Ba a yi mata gaggawa.
Albarushi daga ƙaho, a ma'auni, ba a ido ba.
Tsumma mai kitse a baki,
dunƙulen dalma a kan tsumma,
sanda ta raka shi ƙasa har ya zauna.
Ɗan gari kaɗan a kasko, kamar gishirin mai hawan jini.
Sannan ka ɗana.

Ƙanƙara ta sari ƙarfe: ƙyas!
Wuta ta tashi tafi ɗaya daga girarka,
jiki ya ce kauce,
amma dalma ba ta bar gida ba tukuna.
Wannan ɗan tsakanin,
wanda bai kai ƙiftawar ido ba,
nan ake sanin mutum.
Harbi arba'in na zubar a cikinsa
kafin na koyi tsayawa kamar ba ni ake ƙona wa gashi ba.
Dam!
Hayaƙi fari ya rufe duniya,
ka tsaya kana jira iska ta ba ka labari.

Bayan Kirsimeti na hau dutse da ita.
Ƙanƙara a haƙorin bindiga, ƙanƙara a ƙarƙashin takalmi,
harshenmu suna ɗaya ya ba su,
ɗaya na haifar wuta, ɗaya na kashe ta.
Tun asuba nake jingine da itace.
Wajen hantsi barewa ta fito,
taku talatin, numfashinta na tururi.
Na yi bisimilla. Na ja kunama.

Ƙyas.

Shi ke nan.
Raɓa ta riga ni zuwa kasko.
Ta ɗago kai ta dube ni
yadda ake duban baƙon da ya yi sallama a gidan da ba nasa ba,
ta kaɗa farar wutsiya, daji ya haɗiye ta.

Da dare na kira Orval.
Ya yi tari, ya yi dariya, ya sake tari.
Ya ce, "Ka motsa?"
Na ce ko gashin ido.
Ya ce, "To ai ka harba."

Na dafa ruwa, na wanke mata ciki,
na shafa wa talotalon mai,
na ƙirga yatsuna. Goma.